Shagon kayan gini da na yi hulɗa da shi a Birnin Kebbi, gyaran gida da tsohon karaban

Salamu alaikum jama'a. Masu tambaya ina na sayi kayan da na gyara ɗakunan gidanmu da kuma karaban ɗin nan, wato ɗaki mai taya da mota ke ja, da kuke gani a ƙofar gida, ga amsa nan a dunƙule. Shagon kayan gini ne a nan Birnin Kebbi wajen babbar kasuwa, na wani dattijo da kowa ke ce ma Alhaji. Ban sa sunan shagon ba saboda akwai inda zan yaba akwai kuma inda zan faɗi abin da bai min daɗi ba, kuma ban son a ce na taɓa ma bawan Allah kasuwa. Amma in kai ne za ka yi aikinka da hannunka ba ɗan kwangila za ka damƙa ma ba, to wurin ya isa a je. Banda katako fa. Katako kam ka nemi wani wuri, zan zo kan wannan.

Shi mai yin aiki da kanshi buƙatarshi daban take da ta birkila ko kafinta, su waɗannan sun san kaya, da sun ɗaga abu sun san nauyinshi ya yi ko bai yi ba, kai kuwa da ke koyo ta YouTube da dare kana aiki ranar Asabar da Lahadi abin da kake nema shi ne mai shagon da in ya ga ba ka sani ba ba zai ɗora maka ruɓaɓɓen kaya ba. To nan ne Alhaji ya burge ni. Ka ɗauki maganar kwanon rufi, kowa ya san yadda ake yi a kasuwa, a ce maka alminiyam mai kaurin milimita 0.55 ne alhali in an auna da ƙyar ya kai 0.45, kai kuma ido ba ya gane bambancin sai ranar da iskar farkon damina ta zo ta nannaɗe shi. Shi yana da ɗan ma'aunin kauri a aljihun tebur, a gabanka zai matse bakin kwanon ya nuna maka lamba, har ya ƙara maka da cewa ka rage kaɗan don fentin da ke jiki ma yana ƙara kauri. Wallahi ban ga wani na yin haka ba a layin nan. Da na ce mishi Alhaji ba ka tsoron mutum ya gani ya fasa saye, sai ya ce "Malam, gara ya fasa yau da ya dawo min da rigima cikin watan Yuli."

Siminti ba wani dogon zance. Akasari na Sakkwato ne na Kalambaina wanda yanzu ke hannun BUA, wani lokaci da Dangote, buhu kilo 50 kamar ko'ina. Abin da na lura shi ne ba ya kwana da yawa a shagon kuma a kan katako sunka jera shi ba a ƙasa ba, ban taɓa samun buhun da ya daskare ba. Farashin ya ɗan ɗara na wasu shagunan da ƴan ɗaruruwa a buhu, ya danganta da yadda kasuwa ta tashi ranar.

Babban aikin gidan shi ne katangar ɗakin tsohuwarmu da ta falo, daga ƙasa har wajen gwiwa fenti ya kumbura filasta na zuba gari-gari ga wani farin gishiri da ke fitowa, duk shekara a shafa fenti duk shekara ya dawo. Duk wanda gidansu ke unguwannin da ke gangaren fadama ya san wannan ciwon. Na je da niyyar sayen fentin mai in danne abin, Alhaji ya hana ni, ya ce danshi ne ke hawowa daga ƙasa ta cikin bulo yana ɗauko gishiri, in ka rufe shi da fentin mai to ka toshe mishi hanyar fita sai ya ƙara hawa sama ya fito inda fentin ya ƙare. Abin da ya ce a yi shi munka yi, a kankare filastar gaba ɗaya har a ga bulo, a wuce inda danshin ya tsaya da kamar kamu biyu, a bar katangar tsirara ta sha iskar hunturu, sannan a sake filasta da yashi mai tsabta wanda babu laka, siminti ɗaya yashi huɗu, da garin maganin ruwa da ake zubawa cikin kwaɓin. Bayan nan a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har mako guda don a hunturu iska na shanye ruwan filasta da wuri sai ta tsattsage, kuma kar a kusance ta da fenti sai ta yi wajen wata guda. Ya kuma ce in duba waje, kuma gaskiyarshi, ruwan indararo a gindin katangar yake zuba, makwarara kuma ta toshe, sai da na yi daɓen siminti mai gangare a bayan ɗakin na karkatar da ruwan. Damina ta wuce a kai yanzu, ɗakin tsohuwa lafiya lau, a falo akwai wani lungu bayan kujera da ya ɗan nuna alama amma ba a kwatanta da da.

Ku lura a wannan cinikin fentin mai ya fi tsada kuma shi na zo saye da ƙafata, mutumin ya tura ni ga abin da ya fi araha. Wannan kaɗai ya sa na ci gaba da komawa.

Tayil kuwa suna da 40x40 da 60x60, zaɓin kala ba yawa, in kana son na gayu sai Kano ko Sakkwato. Yaron shagon ya tuna min in ƙara kwali ɗaya a kan lissafina saboda yanka da fashewa, kuma in duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya don ko kamfani ɗaya ne launi na ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi. Mai shan ruwa a jiƙa shi kafin a ɗora a kan siminti, mai santsin nan da ba ya shan ruwa kuma gam ɗin tayil yake so.

Wani abin da ban san suna yi ba sai da na shiga ciki shi ne hayar kayan aiki. Giranda, diril, injin yankan tayil, tsani, baro, har bindigar ribit. Ka ajiye kuɗin jingina ko wani da sunka sani ya tsaya maka, ka biya na yini. Ga wanda zai yi aiki sau ɗaya wannan rahama ce, don mi za ka sayi injin yankan tayil saboda ɗaki biyu? Sai dai ka gwada komi a gabansu kafin ka fita, girandar da sunka fara ba ni babu murfin kariya kuma wayarta duk nannaɗe da salatif, na ce a canza min, yaron ya ɓata rai amma ya canza. Tabarau na kare ido ba su haɗawa da shi, sai ka saya, kuma ka saya ɗin don tartsatsin giranda ba wasa ba ne.

To yanzu karaban, wanda na san shi ne yawancinku ke jira. Ɗaki ne mai taya biyu da mota ke ja, na marigayi kawunmu ne, ya saye shi a gwanjo hannun wasu turawan aikin hanya tun muna cikin jihar Sakkwato kafin a yanke Kebbi a 1991, tun da ya rasu yake ajiye a bayan gida ƙarƙashin dogon yaro kaji na ƙwai a ciki. Ƙirar Sprite ne, waɗanda a wancan lokacin ake yi a garin Newmarket na Ingila, turawa na jan shi su tafi hutu bakin teku, a ciki akwai wurin kwana da kabad da ɗan wurin girki. Ni kuma abin da nike so da shi biyu ne, in kai shi gona lokacin noman rani don kwanan fadama cikin bukka da sauro ya ishe ni, sai kuma bikin kamun kifi na Argungu in an yi, duk wanda ya taɓa zuwa ya san yadda masauki ke zama a garin. Bikin da tun 1934 ake yinshi, UNESCO ma ta sa shi cikin kundinta a 2016, mutane daga ko'ina suke zuwa kogin Matan Fada, ɗaki sai mai dogon hannu.

Wanda zai shiga irin wannan aikin ya san wani abu tun farko, yawancin bidiyon da ke intanet na ƴan Amurka ne masu gyaran karaban ƙirar Airstream, mai ƙyallin nan da wani Ba'amurke Wally Byam ya fara ƙerawa tun shekarun 1930, shi jikinshi da haƙarƙarinshi duk alminiyam ne an haɗa da ribit. Namu na Ingila ba haka yake ba, fatar waje ce kawai alminiyam mai laushi, abin da ke riƙe da ita katako ne sirara, daga ciki kuma filawud marar kauri, duka a zaune kan shasi na ƙarfe. Ma'ana in ruwa ya samu hanya ta wajen haɗin rufi ko gefen taga to katakon ciki ne ke ruɓewa a ɓoye, daga waje kana ganin abu lafiya. A nan Kebbi kuma ga gara. Da na ɓalle filawud ɗin bangon baya abin da na tarar ƙasa ce kawai gara ta gina a madadin katako, fatar alminiyam ɗin ita kaɗai ke tsaye da ikon Allah.

Na ɗauki hotuna na kai ma Alhaji ina tsammanin zai yi min dariya, sai ga shi washegari bayan la'asar ya sa an kawo shi a mashin ya zo ya gani da idonshi, ya zagaya ya leƙa ƙasa ya ƙwanƙwasa shasin da makulli ya ce ƙarfen na da sauran rai. Shawarar da ya ba ni wadda ta fi komi amfani ita ce ta nauyi. Ni a raina filawud mai kauri milimita 18 zan sa ko'ina don ya yi ƙarko, ya ce a'a wannan ba ɗaki ba ne abin hawa ne, taya biyu da sifirin ɗinshi an yi su ne don wani nauyi, in ka loda mishi katako sai aksil ya lanƙwashe a ramin farko. Sai munka tsaya a kan milimita 12 a daɓe, bango da silin kuma mai milimita 4, a ƙasa ledar ɗaki maimakon tayil. Faifan filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in ka zana yankanka a takarda tun daga gida asarar ba ta yawa. Shasin kuma buroshin waya na sa a giranda na cire tsatsa, jan fentin hana tsatsa hannu biyu sannan baƙin fentin mai. Duk wannan a shagon na samu kuma masu kyau ne.

Inda shagon ya gaza, kuma a nan ba zan ga laifinsu sosai ba don ba kayan da ake nema kullum ba ne, shi ne abin toshe haɗin alminiyam. Yaron shagon silikon ya miƙo min ya ce shi kowa ke sawa. Silikon ba na nan ba ne, karaban yana motsi yana murɗawa a kan hanya, ga zafin rana na buɗa alminiyam dare ya tsuke shi, silikon na saki daga jiki ruwa ya bi ta ƙarƙashi, kuma inda ya taɓa fenti ba ya kamawa. Abin da ake sawa wani tef ne mai danƙo da ba ya bushewa, butil, a shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙarfen haɗin sannan a ɗaure. Ba su da shi ba su ma taɓa jin sunanshi ba, sai Kano na sa wani ɗan'uwa ya nemo min a Ƙofar Ruwa ya ba direba a tasha. Haka sukurori, nasu na baƙin ƙarfe ne, shi kuwa baƙin ƙarfe in ya zauna cikin alminiyam ga danshi sai wurin ya riƙa cinyewa yana fitar da farin gari har ramin ya buɗe, dole sai na silba marasa tsatsa, su ma daga Kano. Fentin share fage na alminiyam kuma wajen masu fentin mota na samu, don fentin gida ba ya zama a jikin alminiyam haka nan, ɓarewa yake.

Maganar zafi, wanda ya san Birnin Kebbi a watan Afrilu da Mayu ya san ana wuce digiri 40, akwatin alminiyam a rana kuwa tanda ce. Na yi ma rufin farin fenti, tsakanin fata da filawud kuma na cusa farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firij da talabijin, masu shagon kayan wuta kyauta suke bayarwa ko da ɗan abin goro. A nan ma Alhaji ya yi min gargaɗi kar in manna shi da gam mai warin fetur irin na masu takalmi don narkar da shi yake, farin gam na kafintoci irin Top Bond shi ne daidai. Tagogi duk na sa musu raga. Tsoffin bututun gas na ciki na cire su gaba ɗaya, girki a waje za a yi, janareta ma in za a tayar sai nesa da taga don hayaƙinshi na kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji komi ba. Wuta sola ce, faranti ɗaya a rufi da batir mai 12V 100Ah, ƙwai uku da fanka ta DC da cajin waya, kuma irin wannan batirin na ruwa rabinshi kawai ake ci in ana son ya daɗe. Waya da soket a shagon na saya, wayarsu jan ƙarfe ce ta gaske, na kankare na gani.

Sai katako. Kai jama'a. Na sayi 2x2 da yawa don sake haƙarƙarin bango, yaron ya rantse min busasshe ne, a ido kuma ya yi kama da busasshe don hunturu ya busar da bayanshi, ashe cikin ɗanye ne sharaf. Na jingine su a zaure kafin in gama shasi, da na dawo kansu kusan rabi sun karkace wasu sun murɗe, abin da ba ka iya sa shi a bangon da ke son miƙaƙƙen layi. Na mayar, Alhaji ba ya nan ya tafi ta'aziyya Jega, yaran sunka ce katakon da ya kwana a gidan mutum ba a karɓa. Da ya dawo ya canza min wasu ba duka ba, waɗanda ya canza ɗin ma sai da na jera su a inuwa da tsinke a tsakani na danne da bulo sunka ƙarasa bushewa. Gaskiya a nan raina ya ɓaci, mutumin da ke auna maka kwano da ma'auni bai kamata a ce katakonshi haka yake ba. Daga baya wajen ƴan katako na koma na zaɓi tsohon yanka da hannuna, mai sauƙin nauyi, na shafe shi da maganin gara na Solignum ko'ina har bakin yanka kafin in rufe. Wasu baƙin mai suke shafawa, a rufin gida ba laifi amma a ɗan ɗakin da za ka rufe ka kwana cikin zafi warin ba zai bar ka ba.

Kai kaya gida ma sai haƙuri. Suna da mai a-kori-kura da suke kira, in an ce maka yanzu-yanzu to ka sa ran bayan azahar, ranar da za mu yi filasta na tara yara biyu masu taya ni kwaɓi tun safe siminti bai iso ba sai da rana ta take, kuma kuɗin yini dole ka biya su. In kayanka ba su da yawa ka tari mai keke da kanka ya fi maka. Haɗin kalar fenti shi ma da ido yaron ke yi ba da ma'auni ba, bokitin lita 20 na farko da galan ɗin da na ƙaro daga baya ba su zo ɗaya ba, da rana in an buɗe labule ana ganin inda sunka haɗu a bangon falo. Wanda zai saya ya sa a haɗa mishi duk abin da yake buƙata lokaci guda, ya juye su wuri ɗaya ya motsa. Rasit kuma sai ka roƙa, suna karɓar turansifa da POS amma a rubuta maka a takarda sai ka tsaya a kai, ka tsaya ɗin don ranar mayar da kaya ita ce shedarka.

Akwai wani mai walda a gefen shagon da Alhaji ya haɗa ni da shi, ba yaronshi ba ne amma tare suke aiki, shi ya ƙara ƙarfe a wuyan karaban inda tsatsa ta ci ya kuma yi min wurin ja a bayan mota. Ƙwallon ja na turawan Turai milimita 50 ne, wajen ƴan gwangwan ya samo shi jikin wata tsohuwar mota ƴar Beljiyam. Aikinshi mai tsabta ne kuma ya faɗa min gaskiya cewa injinshi ba ya walda alminiyam, inda fatar ta yage faci munka yi da ribit. Boris na ƙafafun bakanike ya cire ya wanke ya sa giris, tayoyin kuwa duk da zanensu bai cinye ba na zubar da su don roba ta tsattsage da tsufa. Mun ja shi gwaji zuwa Ambursa mun dawo a hankali, bai yi lilo ba tunda kaya masu nauyi a kan aksil na jera su da ɗan rinjaye ta gaba. Fitilun baya da sigina duk suna aiki, na liƙa jan tef mai ƙyalli saboda dare da kuma ƴan Road Safety. Abin da ya rage birki ne, irin mai kama kanshi ne in mota ta rage gudu wuyan ya turo, wayoyinshi sun ci tsatsa sun maƙale kuma ba Alhaji ba mai walda babu mai irinsu, an ce in gwada wayar birkin hannu ta tsohuwar Fijo ko za ta yi daidai. Kafin a gama wannan ba zan tafi da shi Argungu ba.

Shagon na buɗewa da safe har zuwa magariba, ranar Juma'a suna rufewa kafin masallaci su dawo bayan an sauko. In shawara kake so ba saye kawai ba ka je da hantsi lokacin Alhaji na zaune da kanshi, da yamma yawanci yaran ne kuma su burinsu su sallame ka. Ka tafi da awon ɗakinka a rubuce da hoton matsalar a waya, in kayan haya kake so kuma ka kama tun ranar Alhamis don injin yankan tayil ɗaya ne gare su kuma ƙarshen mako ba ya zama.